Idan mota ta lalace a tsakiyar wata: yadda za ka bi da gyara ba tare da ka nutse a bashi ba

Lalacewar mota ba ta sallama. Takan zo a makon da albashi ya ƙare, ko ranar da makaranta ta aiko takardar kuɗin zango, ko ana saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah an riga an ba da kafin alƙalamin rago. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi a watannin da suka biyo baya, gyaran mota ya zama abin da ke iya girgiza gida guda, domin kusan duk kayan gyaran da muke saye daga waje ake shigo da su. Galibinmu a Sakkwato kuma tsofaffin motoci muke ja, irin su Corolla da Golf 3 da Peugeot 406 da Honda, waɗanda sun sha tafiya a Turai ko Amurka kafin su iso hannunmu.

Yawancin kuɗin da ke salwanta a gyara ba lalacewar ce ke cinye su ba, shawarar da aka yanke cikin ruɗewa a yinin farko ce. Mutum yakan fara da neman kuɗi, sai ya kashe su sannan ya tambayi abin da ya lalace. Ni a ganina juya tsarin ya kamata a yi: a tsaya, a gano ciwon, a ware abin da zai iya jira, a ji farashi, sai a ƙarshe a nemi kuɗi.

Mataki na farko: kashe ta

"Bari in lallaɓa in kai gida." Wannan magana ta ci injin mutane da yawa a garin nan. Idan jar fitila mai hoton 'yar buta ta kama, ma'anarta baƙin mai ba ya zagaya injin yadda ya kamata, kuma mintuna kaɗan sun isa injin ya yi nokin. Idan allurar zafi ta haura ja, haka nan. Wanda ya matsa wa motar da ta yi zafi daga Kwannawa zuwa Arkilla a watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke wuce digiri 40, zai iya ƙona gaskit, tofsilinda ta lanƙwashe. Abin da ya faro daga tiyon ruwa da ya tsage, ko fankar da fiyus ɗinta ya ƙone, sai ya koma maganar sauke inji. Ka gangara gefen titi ka kashe ta. Kada ka buɗe murfin lagireto tana da zafi, ruwan zai feso ya ƙona ka. Ka ba ta aƙalla rabin awa. Kada kuma ka kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi.

Fitilar batir tana nuna altanato ba ya caji. Da wannan za ka iya ɗan matsawa idan ka kashe AC da rediyo, amma idan zafi ya fara hawa tare da ita, mai yiwuwa fanbel ne ya tsinke, sai ka tsaya. Fitilar inji mai ruwan ɗorawa, idan a tsaye take, ana iya tafiya a hankali zuwa gareji. Idan tana ƙiftawa, inji kuma na rawa, kada ka ci gaba.

A cikin gari, kiran bakanikenka ka biya masa kuɗin kabu-kabu ya fi komai sauƙi. Idan sai an ja ta, ka tuna mota mai giya otomatik ba a jan ta da igiya tafiya mai nisa, domin famfon man giyar ba ya aiki sai inji na kunne. A nemi janwe ya ɗauke ta. Idan kuwa a hanyar Gusau ko ta Illela ta tsaya maka, magariba ta kawo jiki, to ba maganar kuɗi ake ba. A tura ta gidan mai ko garin da ya fi kusa, ka ɗauki takardunka, ka bar ta hannun mai gadi, ka kwana cikin mutane.

Mataki na biyu: gano ciwon kafin ka sayi ko da ƙusa ɗaya

A nan ne kuɗi suka fi zubewa, don haka a nan zan fi daɗewa.

Kafin bakanike ya iso akwai abin da kai ma za ka iya dubawa. Zaro sandar duba baƙin mai ka ga inda ya tsaya. Idan launinsa ya koma fari-fari mai kauri, ruwa ya shiga cikinsa. Leƙa ƙarƙashin motar ka ga ko wani abu na ɗiga, kuma daga wane gefe. Girgiza kawunan batir ka ji ko sun saki ko sun yi farin gari. Idan ƙara take yi, ɗauki sautin da wayarka. Ka kuma riƙe bayanin lokacin da abin ke faruwa: da safe inji na sanyi ne ko sai ya yi zafi, ana gudu ne ko a tsaye, a kwana ne ko in an taka birki. Bakanike mai hankali da wannan bayanin yake rage rabin lalube.

Misali guda da ke yawan faruwa: mota ta ƙi tashi, sai a ce batir ne, a sayo sabo, bayan kwana kaɗan shi ma ya mutu, domin tun asali altanato ne ba ya caji. Rewaya zai iya raba gardama da mita cikin minti biyu. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota na kashe, idan an tayar da ita kuma ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, ba batir ne matsalarka ba.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da masu shan fetur na Turai daga 2001, duk suna da ramin da ake jona musu kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari. Biyan kuɗin sa kwamfuta ba ɓarna ba ne, amma ka fahimci abin da take bayarwa. Lamba take nunawa, ba ta cewa a canza kaza. Lambar P0171 tana cewa iskar da ke shiga inji ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan. Dalilin na iya zama sensar iska da ƙurar hunturu ta lulluɓe, ko tiyon iska da ya tsage, ko famfon mai da ya yi rauni. Biyun farko gyaransu ba shi da tsada, don haka da su ake farawa. Lambar P0301 tana cewa silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai. Maimakon a sayi kwayil huɗu, a ɗauke kwayil ɗin silinda ta ɗaya a musanya da na ta biyu; idan lambar ta koma P0302, an kama mai laifi, guda ɗaya za ka saya. Ka sa a rubuta maka lambobin kafin a goge su.

Abin da za ka guda shi ne gyaran canki-canka, wato "mu canza wannan mu gani". Kowane gani da kuɗinka ake yin sa. Ba sai ka yi faɗa ba, tambaya cikin mutunci ta isa:

"Maigida, don Allah nuna mani abin da ka gani. In mun canza wanga, ka tabbata ƙarar za ta ɗauke?"

In ya ce ya tabbata, sai ka ƙara da cewa, "To in ba ta ɗauke ba, ya za mu yi da kuɗin kayan?" Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya. Zai ɗaga motar ya girgiza maka tayar ka ga wasan da take yi da idonka, ko ya ce maka gaskiya sai ya ƙara bincike.

Ka kuma kai ciwo wurin mai shi. Bakaniken inji daban, rewaya daban, mai giya otomatik daban, mai AC daban. Wanda ya ƙware a motocin Japan ba lallai ya san Peugeot ba. Duk gyaran da aka ce zai ci fiye da rabin abin da kake samu a wata, ko aka ambaci sauke inji ko giya, ka ji ta bakin mutum na biyu, kuma kada ka faɗa masa abin da na farko ya ce sai ya gama nasa binciken. Ka yi wannan tun ba a kwance komai ba. Da zarar an baje inji a ƙasa, ba ka da sauran zaɓi, duk abin da aka faɗa shi za ka biya.

Mataki na uku: ba duka ne na yau ba

Mota in ta shiga gareji, jerin abin da aka gano yakan yi tsawo, kuma yawanci gaskiya ne, tsohuwar mota ba ta rasa abin gyara. Aikinka shi ne ka zauna da bakanike ku kasa jerin.

Kashin farko shi ne abin da ya shafi rai: birki, tarod da bol joyin, taya, fitilun gaba da na baya, yoyon fetur. Wannan babu jinkiri. In babu kuɗinsa, motar ta zauna a gida. Ba na sassauta wannan ko kaɗan, domin ba kai kaɗai ke kan titi ba, akwai yara masu tafiya Islamiyya a gefen hanya. Game da taya, a jikin kowace akwai lambobi huɗu bayan rubutun DOT. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, kuma kwaltar Sakkwato da rana ba ta raga wa tsohuwar roba. Idan kuɗin huɗu bai samu ba, sayi biyu masu kyau yanzu, biyu daga baya.

Kashi na biyu shi ne ƙaramin ciwon da ke haifar da babba: yoyon ruwa, yoyon baƙin mai mai yawa, robar shaf da ta yage ƙasa na shiga, boris mai kuka, da taimin bel (bel ɗin da ke daidaita buɗewa da rufewar bawul a inji) da ya tsufa. Wannan na ƙarshe a kula da shi. A mota irin 406 da tsofaffin Honda, in bel ɗin ya tsinke ana tafiya yakan lanƙwasa bawul, gyaran ya ninka sau da yawa. Corolla daga 2003 sarƙa take amfani da ita, ba ta cikin wannan damuwa. Irin waɗannan ana iya ɗaga musu ƙafa na mako biyu ko uku idan kana duba ruwa da mai kowace safiya, ba ka kuma fita wajen gari.

Sauran duka su jira: fenti, lotsawar jiki, gilashin ƙofa da ba ya sauka, rediyo, har da AC. Na san faɗin haka ga mutumin Sakkwato a bazara abu ne mai nauyi, musamman mai ɗaukar jariri ko tsoho. Duk da haka zafi ana jure shi, birki ba a jure rashinsa. Sai dai in kwamfresar ce ta cije tana neman tsinka bel, to ta koma kashi na biyu.

A ce an kawo maka lissafin naira 240,000, kana da 70,000. In kun kasa shi, kana iya tarar da cewa na rai 45,000 ne, na biyu 60,000, sauran na jira. Ka ga abin da kake nema yanzu 35,000 ne, ba 170,000 ba. Bashin da za a iya biya ke nan.

Mataki na huɗu: kayan gyara

Iri uku ne a kasuwa: sabo na asali, Beljiyam wanda aka ciro daga wata mota, da sabo mai araha wanda kwalinsa kawai ke da kyau. Araha ba ta ado, amma mai ƙaramin ƙarfi ba zai sayi komai na asali ba, sai ya san inda zai sa kuɗinsa.

Duk abin da cinyewa yake yi da aiki, sabo ake saye, mai kyau: fad ɗin birki, filta, bel, filogi, gaskit, boris, famfon ruwa. Beljiyam ɗin waɗannan ya riga ya ci rabin rayuwarsa. Manyan ƙarafa kuwa, irin su inji, giya, altanato, kik, kwamfresa, ƙofa, fitila da madubi, Beljiyam mai kyau ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Akwai kuma abin da ba sai an saya ba sam. Kik da altanato sau da yawa burushinsu ne ya cinye, rewaya zai canza shi da kuɗi kaɗan. Lagireton da ya toshe ana wanke shi. Ka riƙa tambaya, "Wanga ba ya gyaruwa?" kafin ka yarda da canji.

In za a sayo, ku tafi tare da bakaniken, ka biya da hannunka, ka karɓi rasit. In ka tafi kai kaɗai ka sayo wanda bai dace ba, asarar taka ce. In ka ba shi kuɗi ya tafi shi kaɗai, zargi na iya shiga tsakaninku ko da bai ci ko kwabo ba. Ku riƙe tsohon kayan a hannu don gwadawa, da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke jikin gilashin gaba ko takardun mota, domin mota ɗaya shekara ɗaya tana iya zuwa da inji iri biyu. Ka tambayi shago uku kafin ka ciro kuɗi. A kan babban kaya, ka sa wanda ka yarda da shi ya jiyo maka farashi a Kofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas, amma ka haɗa da kuɗin aikowa ta tasha, ka kuma tuna mayar da kayan da bai yi ba daga nan zuwa can wahala ce. Wani lokaci ƙarin da za ka biya a gida shi ne kuɗin samun wanda za ka koma wa.

Kowane Beljiyam a rubuta kwanakin garantinsa a rasit, mai shago ya sa alamarsa a jiki. In inji ne, a buɗe murfin mai a leƙa ko ya yi baƙin laka, a rubuta lambar injin a rasit, ka adana shi tare da takardun mota saboda shingen bincike. Man giya kuma ba a canki-canka da shi: Toyota na da T-IV da WS gwargwadon shekarar mota, Honda na da nata, kuma zuba wanda ba shi ba yana kashe giyar da lafiyarta ƙalau.

Akwai dabarun rage kuɗi da za a kawo maka waɗanda ban yarda da su ba. A cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye: wannan ba ya warkar da abin da ya sa motar zafi, ɓoye shi yake yi, kuma da sanyin hunturu inji ba zai kai zafin aikinsa ba, sai ya riƙa shan mai. A maye fiyus da waya: hanyar gobara ce. A toshe bututun birkin taya ɗaya don yana yoyo: wannan wasa da rai ne. A fasa salansa a sayar da abin tace hayaƙin da ke cikinta, wanda kanikawa ke kira indomi, don a biya gyara: kuɗin za su shigo yau, fitilar inji ta kama gobe, darajar motar ta faɗi ranar sayarwa.

Mataki na biyar: ku yi magana ta ƙare kafin a ɗauki sifana

A rubuta, ko a takarda ko ta WhatsApp: abin da za a yi, kuɗin kaya, kuɗin aiki, ranar karɓa. A kuma yarda cewa in an buɗe an ga wani abu, sai an kira ka kafin a taɓa. Kada ka biya duka a gaba. Kuɗin kaya tukuna, na aiki rabi, cikon bayan kun zagaya da motar tare. Ka kwashe kayanka daga ciki, ka ce a ajiye maka duk abin da aka cire, ka riƙa leƙawa garejin.

Wurin da bai kamata ka matse ba shi ne kuɗin aiki. Bakanike yana da iyali, yana da yaran da yake ciyarwa a gareji, ya yini kwance a ƙasa cikin rana. In ka danne shi a nan, ko ya yi aikin a gurguje ko ya nemi cikon a wurin kaya. Gara ka faɗa masa gaskiyar aljihunka: "Maigida, abin da ke hannuna ke nan, cikon sai ƙarshen wata in Allah ya kai mu." Da yawansu suna ɗaga ƙafa ga wanda ya saba cika alkawari. In ranar ta zo, ka kai masa da kanka kafin ya kira.

Mataki na shida: ina kuɗin za su fito

Tambayar farko ita ce ko dole ne motar ta yi tafiya a wannan watan. Ma'aikacin da ke zuwa ofis daga Mabera ko Runjin Sambo ya lissafa abin da yake zuba wa mota na fetur a mako, ya gwada da kuɗin Keke Napep ko kabu-kabu, ko haɗa kuɗin mai da maƙwabcin da hanyarsu ɗaya. Sau da yawa ajiye mota na mako uku shi da kansa yake tara wani ɓangare na kuɗin gyara. Ba abin kunya ba ne a gan ka a Keke. In za ka ajiye ta, a gida cikin inuwa, ka cire kan batir na baƙar waya. Kada ta daɗe a gareji tana shan rana. Direban haya mai jigilar Illela ko Birnin Kebbi lissafinsa daban ne, domin kowace ranar zama asara ce. Shi ya fara da mai motar da abokan aikinsa na tasha, su suka fi kowa sanin ciwon.

In karo aka yi maka, kada ka yi saurin cewa "Allah ya kiyaye gaba" alhali ba ka da na gyara. Yafiya alheri ce, amma neman haƙƙi ba laifi ba ne. Inshorar dole da kowace mota ke yi, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 daga Janairun 2023, an tsara ta ne don ta biya ɓarnar da mai ita ya yi wa dukiyar wani, har zuwa naira miliyan 3, muddin ta gaskiya ce. Ka ɗauki hotuna, ka karɓi bayanin inshorarsa, a samu rahoton 'yan sanda. Amma ka sani taka inshorar irin wannan ba ta gyara motarka, kuma babu ruwanta da inji ko giyar da ta mutu don tsufa.

Daga nan ka dubi abin da ke hannunka. Tsohon batir yana da masu saye, haka tsohon lagireto da ƙarafan da aka cire. Wayar da ke ajiye a durowa, ko ɗan akuyar da ake kiwo a gida, duk suna iya toshe gibi. Abin da ba a taɓawa shi ne jarin sana'a, da hatsin gida, da kuɗin makarantar yara. Zinaren maiɗakinka kuma nata ne. In ta ba ka da daɗin rai, bashi ne, ka sa ranar biya, ka biya.

In kana cikin adashi, ka roƙi uwar adashi ta nema maka wanda zai yi musayar kwasa da kai. Wannan kuɗinka ne ka karɓa da wuri. In wurin aikinku akwai ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata mai ba da rance babu ruwa, ka nema a can. Sai 'yan'uwa da aminai. Wanda ya je ya ce "Yaya, mota ta lalace, a taimaka" ya jefa ɗan'uwansa cikin zullumi. Wanda ya ce "Yaya, birki da famfon ruwa ne, ga lissafin, ina da 70,000, ina neman rancen 35,000, zan biya kashi biyu, ƙarshen wanga wata da na gaba" ya sauƙaƙa masa amsawa. Ku rubuta ko da ciki ɗaya kuka fito. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma zumunci da yawa da ya lalace a kan kuɗi da an rubuta da bai lalace ba.

Inda ba zan ba ka shawarar zuwa ba shi ne manhajojin bashi na waya da masu ba da kuɗi da ruwa. Riba ce, mun san hukuncinta. Ko a lissafin duniya ma ba su da daɗi: wa'adinsu gajere ne, ruwan na hawa in ka makara, kuma wasunsu sun yi ƙaurin suna wajen aika wa mutanen da ke cikin wayarka saƙon tozarci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta fito da ƙa'idoji a kansu a 2022. Kada kuma ka jinginar da takardun gida ko na gona saboda mota. Duk rancen da za ka ci, ka auna biyansa da abin da ke saura bayan abinci da haya da makaranta. In bai shiga ba, motar ta ƙara jira.

Wani lokaci amsar ita ce a rabu da ita

Ka tattara abin da ka kashe mata cikin wata 12 da suka wuce. In gyaran da ke gabanka ya kai rabin abin da za a saye ta, ga kuma wasu manya na layi, inji na shan baƙin mai, giya na fizga, to ka yi tunanin sayarwa ka koma ƙaramar mota ko babur na ɗan lokaci. Amma kada ka yi gaggawa: motar da ka san ciwonta ta fi wata tsohuwar da ba ka san abin da aka ɓoye a cikinta ba. In ka yanke sayarwa, ka faɗi aibinta ga mai saye da dillali. Zuba mai mai kauri don a ɓoye ƙarar inji ha'inci ne, kuma wanda zai saya shi ma mai ƙaramin ƙarfi ne irinka.

Bayan ta fito

Ranar da ka gama biyan bashin, kada ka daina cire wannan kuɗin. Ka juya shi zuwa asusun mota. In babu bashi, duk sanda ka sha mai na 10,000 ka ware 1,000, a asusun da ba ka yawo da katinsa. Ka ajiye ɗan littafi a motar kana rubuta ranar kowane gyara, da abin da aka canza, da lambar kilomita, don kada a sake sayar maka da abin da aka sa wata huɗu da suka wuce.

Sannan ka bi yanayin garin. A watan Fabrairu, kafin zafi ya kankama, a duba lagireto da murfinsa da tiyo da fanka. Ka daina zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla. Ƙasarmu mai farar ƙasa ce, ita ake haƙa a Kalambaina ana siminti, kuma ruwa mai irin wannan gishiri yana daskarewa a cikin lagireto ya toshe shi. Kulant na gaskiya, wato ruwan da aka haɗa musamman don lagireto, ya fi wankin lagireto da gaskit araha. Da hunturu a riƙa ciro filtar iska ana dubawa, in ta toshe a canza. Zafi yana gajarta ran batir, don haka wanda ya haura shekara biyu a sa masa mita kafin doguwar tafiya. Da damina ramukan titi ke cin ƙafafun mota, sai a rage gudu inda ruwa ya kwanta. Iskar taya kuma da safe ake auna ta kafin a hau kwalta, gwargwadon lambar da ke rubuce a jikin ƙofar direba, ba yadda mai faci ya ji da ɗan yatsa ba.